Aikin shanu a Loma Plata: kada ka saki takardar Barazil kafin ka riƙe ta Paraguwai

Wani ɗan'uwa ɗan ƙasar Katsina ya rubuto mini daga jihar Paraná ta Barazil, inda ya shekara 4 yana aikin yankan kaji. Ya ce wani mai shanu ya yi masa tayin aiki a wata gonar kiwo kusa da garin Loma Plata a Paraguwai, da ɗaki da abinci kyauta, ya kuma ce masa ya tsallako kawai, maganar takarda sai daga baya. Matarsa da yara 2 suna gida. Yana tambaya: wane irin gari ne wannan, kuma ya tafi ko ya zauna?

Ƙanena, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya. Bari in fara da garin, domin in ka san yadda aka kafa shi za ka gane inda baƙo yake tsayawa a cikinsa.

Kogin Paraguwai ya raba ƙasar gida biyu. Gabas ne ke da ruwa da jama'a da manyan birane. Yamma kuwa, wadda ake kira Chako, ta cinye kusan kashi 60 cikin 100 na ƙasar, amma mutanenta ba su taka kara sun karya ba. Loma Plata tana tsakiyar wannan yankin, a lardin Boquerón, fiye da kilomita 400 daga Asunción babban birni, ta hanyar da suke kira Transchaco. Ranar da na fara bin hanyar nan sai da ƙirjina ya buga, don na ga kamar na nufi Dakoro ne: fili shimfiɗe ba tudu, ƙaya ko'ina, ga wata bishiya mai ƙaton tumbi da ke tuna maka kuka. Zafi yakan haura digiri 40 a Disamba da Janairu, lokacin da mu muke hunturu. Iskar arewa a can ita ce mai zafi da ƙura, ta kudu kuma ta zo da sanyin da ke ratsa ƙashi a Yuni da Yuli.

Waɗanda suka kafa garin Kiristoci ne 'yan ɗariƙar Menonait masu jin wani reshe na Jamusanci. Sun baro Kanada saboda an tilasta wa makarantunsu koyarwa da Turanci. Gwamnatin Paraguwai ta yi musu doka a 1921 da ta yafe musu aikin soja ta kuma bar su da makarantunsu. Suka iso Puerto Casado a bakin kogi, suka yi zaman jira, zazzaɓin taifot ya kashe fiye da mutum 100 a cikinsu, sannan a 1927 suka kafa matsugunin da suka kira Menno, Loma Plata ce cibiyarsa. Wasu da suka gudo daga Tarayyar Sobiyet suka kafa Fernheim a 1930, mai cibiya a Filadelfia, sai Neuland a 1947. A tsakanin nan yaƙin Chako tsakanin Paraguwai da Bolibiya, daga 1932 zuwa 1935, ya wuce ta ƙofar gidajensu. Kuma ba a daji mara mai shi suka sauka ba. Mutanen Enlhet suna nan tun kafin zuwansu, yau da yawa daga cikinsu da 'yan Nivaclé su ne ke aikin ƙarfi a ƙasar kakanninsu. Wannan yana damuna duk lokacin da na tuna, kai ma ya kamata ka shiga da saninsa.

Da auduga da gyaɗa suka fara, yanzu madara da nama ne ƙashin bayan garin, ga riɗi da dawa a gefe. Kusan komai yana hannun ƙungiyar gama-kai ta Chortitzer: masana'antar madarar Trébol da ake sha a duk ƙasar, da babbar mayanka, da babban kanti. Ƙungiyar ta 'ya'yanta ce. Kai ma'aikaci za ka zama, kuma ba laifi ba ne wannan, amma kada wani ya cika maka kunne cewa bayan shekara biyu za ka mallaki gona a can.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ruwa. In aka haƙa rijiya, yawanci zartsi ake tararwa. Saboda haka kowane gida yana tara ruwan sama daga kwanon rufi zuwa wata rijiyar siminti a ƙarƙashin ƙasa, shanu kuma suna sha daga tafkunan da aka haƙa, waɗanda suke kira tahamar. Na ga wata dattijuwa ta ɗaga murfin rijiyarta ta zura sanda tana auna abin da ya rage, kamar yadda iyayenmu ke leƙa rumbu a ƙarshen bazara. An jawo bututu daga kogi mai nisan kusan kilomita 200, amma har yanzu ruwan sama ne abin dogaro. Ka tambayi mai gonar nan: ruwan sha daga ina, kuma me ake yi a shekarar fari?

To, takarda. A nan ne nake so ka buɗe kunne. Katin zamanka na Barazil ba ya ba ka izinin aiki a Paraguwai. Sauƙin da yarjejeniyar Mercosur, ƙungiyar kasuwanci ta wasu ƙasashen Kudancin Amurka, ta kawo na 'yan asalin ƙasashen ƙungiyar ne, kai kuwa fasfon Najeriya gare ka, sai da biza. Dokar shige da fice ta 2022 mai lamba 6984 ta ce baƙo ya fara da izinin zama na wucin gadi har zuwa shekara 2, sannan ya nemi na dindindin. Za a nemi fasfo, da takardar haihuwa, da shaidar 'yan sanda cewa ba ka da laifi, duk an tantance su an kuma fassara su zuwa Sifaniyanci a hannun tafintan da hukuma ta yarda da shi. Sai ka samu izinin zama za ka nemi katin shaida da suke kira sédula, wanda in babu shi ko asusun banki sai ya gagare ka. Ka riƙe katin rigakafin shawara a cikin fasfo.

Sannan ka duba wace irin takarda ce a hannunka yanzu. In ta mafaka ce, fita daga Barazil ba da izinin hukuma ba yana iya soke ta. In ta zama ce, daɗewa a waje fiye da shekara 2 ba hujja yana iya sa ka rasa ta. Gumin shekara 4 ne wannan. Wanda ya ce maka “daga baya” ba shi zai kwana a hannun jami'an kan iyaka ba.

Ta fannin aiki, ka ce a rubuta. Dokar ƙasar ta tanadi awa 48 a mako, da albashin wata na 13 a Disamba, da rajista a hukumar inshora ta IPS, inda ake cire kashi 9 cikin 100 daga albashinka, mai aiki ya ƙara kashi 16.5. Mafi ƙarancin albashi a 2024 ya kai wajen gwarani (kuɗin ƙasar) miliyan 2.8 a wata, amma na gonakin kiwo ana yanka shi daban, don haka ka nemi adadin naka a rubuce. Kada yawan sifili ya ruɗe ka, ka juya kuɗin zuwa dala ka gwada da abin da kake samu yanzu. Ka kuma yi hattara da “abinci kyauta”. An daɗe ana kokawa a gonakin Chako masu nisa kan ma'aikatan da ke cin bashi a kantin mai gona har wata ya ƙare ba su ga komai ba. Aiki a cikin gari, a mayanka ko gidan madara, ya fi mini kwanciyar hankali fiye da gonar da sai motar mai gida ce kaɗai ke fitar da kai.

Maganar gida da addini ba ƙarama ba ce. Masallatan ƙasar suna Asunción da Ciudad del Este da Encarnación, tafiyar sa'o'i masu yawa, Juma'a za ta yi maka wuya ainun. Tun da kai mahauci ne, naman da za ka ci yana hannunka, sai ka nemi a yarda ka riƙa yanka naka. Za a miƙo maka tereré, wani ganye mai kama da na shayi a ruwan sanyi da ake zuƙa da bututun ƙarfe ɗaya ana zagayawa. Ka karɓa, ta nan ake shiga mutane. Awa 4 ce tsakaninku da Katsina, in ka tashi aiki da shida na yamma yaranka sun yi barci, don haka ka tsayar da lokacin waya da sassafe, ka kuma tabbatar gonar tana da sabis. Ka gaya wa maiɗakinka da mahaifinka gaskiyar lamarin, har da cewa aike zai iya tsayawa wata 2 ko 3.

Ni dai shawarata, ka ɗauki hutu, ka nemi biza, ka je da ƙafarka ka ga gonar, ka zauna da ma'aikatanta ba mai gida a wurin. In ya yarda ya rubuta yarjejeniya ya kuma jira izininka ya fito, ka gwada shekara ɗaya, iyali su dakata a gida tukuna. In ya fara kame-kame, ka koma bakin aikinka a Paraná ranar Litinin.