Kyamarar diron na karkarwa, a canza allon gimbal?

Ɗan'uwa, ka ce diron ɗinka, wato ƙaramin jirgin nan mara matuƙi, ya faɗi a Tawa, kyamara na ta karkarwa, kana son canza allon gimbal, wato allon lantarki na na'urar da ke riƙe kyamara don kada ta girgiza. Dakata tukuna. Sau da yawa siririyar wayar nan mai faɗi da ke haɗe da kyamara ce ke tsagewa, ko rairayi ya shige ƙananan injinan nan 3 masu juya kyamarar. Kashe diron, juya kyamarar da yatsa; in ka ji ƙaras-ƙaras, rairayi ne.

In allon ne ya ƙone, nemi mai lamba ɗaya da naka. Cire batir, ɗauki hoton kowane mataki da salula, kusoshin kuma zuba su cikin murfin kwalba, don ƙanana ne ƙwarai. Ɗaga makullin wayar da farce a hankali, kada ka fizge ta, wallahi nan ake yin asara. Bayan ka ɗaura, aza shi bisa tebur madaidaici ka saita gimbal ta manhajarsa, in ba haka ba hoto zai fito a karkace.