Na Fassara Shafi, Fom Ya Daina Aiki

Tambaya: Salam Malam, na fassara shafin intanet na ƙungiyarmu ta manoman shinkafa zuwa Hausa, amma yanzu in mutum ya cike fom ya danna tura ba abin da ke zuwa. Daga wani ɗalibi, ƙauyen Ringim.

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ina kyautata zaton ka taɓa sunayen da ke cikin lambar HTML ne (harshen da ake gina shafin intanet da shi), wato name da id, waɗannan kwamfuta ce ke karanta su ba mutane ba, don Allah mayar da su yadda suke, rubutun da ido ke gani kaɗai ake fassarawa. Sannan ka sa tsarin haruffan kwamfuta na UTF-8 saboda ƙ da ɗ da ɓ, in ba haka ba sunan Ɗanladi zai iso a hargitse. Saƙon kuskure ma a fassara shi, sai ka gwada da wayarka.