Direba ba peyaj yake tsoro ba, tsayawa yake tsoro

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanena, ka tambaya cewa in aka yi wa Yamai hanyar zagaye mai peyaj, wadda za ta ɗauki manyan motoci tun daga hanyar Doso ta tsallakar da su kogi ba su shiga gari ba, shin direbobi za su yarda su biya, ko za su ci gaba da kutsawa ta cikin gari tunda nan kyauta ne. Na ga wasu sun riga sun yanke hukunci, wai mutanenmu ba sa son biya. Ni mutumin Tawa ne, tun ina aparanti nake cikin tirela, albasa da siminti da shinkafa babu wanda ban ɗauka ba. Bari in faɗi nawa.

Za mu biya. Ai yanzu ma biya muke yi, duk babban garin da ka fita akwai shingen peyaj, kuɗin gyaran hanya ne da ke zuwa asusun FER, wanda a da ake kira CAFER. Tambayar da direba ke yi ita ce me za a sayar masa da kuɗin nan.

Ga lissafin yadda muke yinsa a tasha. Tirela mai kaya tana shan gazuwal lita 40 zuwa 50 a kilomita 100, gwargwadon nauyi da lafiyar inji. A ce zagayen ya ƙara maka kilomita 30 a kan ratsa gari. Wajen lita 13 ke nan, a farashin sefa 618 kowace lita da aka sa a watan Yulin 2024 ya kama jika takwas da ɗoriya, kafin ma ka biya peyaj. Wanda bai taɓa riƙe sitiyari ba zai ce to ai asara ce. Bai san abin da gari ke ci ba. Mota mai tan arba'in in ta tsaya cak, tayar da ita shi ne inda mai yake ƙonewa, kuma daga Sorey, mashigar Yamai ta hanyar Doso, zuwa bakin gada sai ka tsaya ka tashi har ƙafarka ta hagu ta yi tsami a kan kuloci. Birki yana zafi, taya tana goguwa a kowane shataletale. Ga kabu-kabu da ke shigowa ta gefen damanka, daidai inda madubi ba ya nuna maka komai, ga faba-faba da zai taka birki a gabanka don ya ga fasinja ya ɗaga hannu, ga amalanken jaki da itace. Aparanti yana leƙe ta taga yana buga ƙofa yana cewa "a hankali maigida, akwai yaro". Ka taɓa mutum ɗaya, Allah Ya kiyaye, an gama maganar riba ta wannan shekarar, kai da mai mota duka.

Mu masu albasa namu ya fi na kowa zafi. Albasar Galmi da ta Tamaske da ake kaiwa Kumasi, Akara da Abijan ba ta san uzuri ba. Muddin mota na tafiya iska na ratsa buhuna. Ta tsaya a rana tsakar gari, buhunan ƙasa su fara gumi, daga nan ka ji warin nan mai ɗan zaƙi-zaƙi yana tasowa daga bodi, ka duba ƙasa ka ga ruwa na ɗiga a kan gudro. Mai kaya yana kiran waya, dillali a can yana rage farashi tun kaya bai iso ba. Mai irin wannan kaya ko jika biyar ka ce masa zai miƙa bai yi ciniki ba.

Akwai kuma abin da ya canja wanda ban ga kowa ya ambata ba. A da, kayan da ke zuwa daga tashar Kwatano ta Malanbil da Gaya, in na Ƙonni ne ko Tawa ko Maraɗi ko Damagaram, a Doso yake karya kwana ya yi gabas, Yamai ba ta ganinsa ko a mafarki. Tun da aka rufe iyakar Benin bayan 26 ga Yulin 2023, kaya ya koma Lome, ya ratso Burkina ta Kaya da Dori ya shigo ta Tera, kuma a ayari yake zuwa, motoci ɗaruruwa lokaci guda da rakiyar soja. Na gabas ɗin duka sai ya bi ta Yamai. Gadojinmu uku, Kennedy ta 1970, ta Sin ta 2011, da ta Seyni Kountché ta 2021, duka cikin gari ko bakinsa suke sauke ka. Gadojin sama na Mali Bero da Diori Hamani sun sassauta wa ƙananan motoci, amma ba su fitar da tirela daga gari ba.

Sai dai hanyar nan tana iya zama aikin banza, kuma ta inda za ta lalace a fili yake. In na biya a ƙofar shiga, sannan bayan kilomita biyar na tarar da ganga da igiya a gicciye, wani ya ce in sauko da takardu, bayan wasu biyar wani kuma, to me na saya? Biya ɗaya, tike ɗaya, farashi a rubuce a allo gwargwadon yawan aksil, wanda duk zai duba takarda ya duba a ƙofa. Haka kuma in ofishin duwan da wurin ajiye motoci da sikeli suna cikin gari, dole in shiga, ko da zagayen na zinariya ne. Sai an fitar da su bakin hanyar, da masallaci da ruwa da wurin da bakanike zai shimfiɗa kayansa.

Matsala ta biyu ta fi wuyar magani: gari yana bin gudro. Ranar da aka ji za a yi hanya, ranar filayen gefenta suke samun masu su. Yau rumfar mai shayi, gobe mai faci, jibi gidan mai, sai kasuwa, sai makaranta, sai a zuba tudun rage gudu saboda yara na tsallakawa, kuma da gaskiyar iyayensu. Shekara kaɗan ta zama titin unguwa mai peyaj. Wanda ke shakka ya je ya dubi dajin dogon yaro da aka fara dasawa a 1965 don ya yi wa Yamai ɗamara, ya ga yadda gidaje suka cinye shi. In ba a killace gefen hanyar ba, aka ƙayyade wuraren shiga da fita, aka yi wa mutane da dabbobi mashigi ta ƙasa ko ta sama, gara kada a fara.

Mu ma da namu laifin, ba zan ɓoye ba. Dokar UEMOA, ƙungiyar ƙasashen yammacin Afirka masu kuɗin sefa, mai lamba 14 ta 2005 ta ce tan 51 ga tirela mai aksil shida, kowa a tasha ya san ana wuce haka nesa. Injiniyoyi sun ce in nauyin aksil ya ninka biyu, ɓarnar da yake wa hanya tana ninka wajen sau 16. Sabuwar hanya ba sikeli na gaskiya, damina biyu ta isa a ga sawun taya ya nutse a cikinta.

Maƙwabta sun riga mu gwadawa. Wagadugu ta fara tata hanyar zagayen a 2018, kilomita 125 kewaye da gari, kamfanin EBOMAF ne ya yi aikin. A Abijan gadar Henri Konan Bédié da aka buɗe a Disamban 2014 ba zagaye ba ce, amma darasin biya yana nan: aka sa dala ɗari ga ƙaramar mota, jika uku ga babba, ga tsofaffin gadoji biyu kyauta, mutane kuma suka riƙa bin ta kuɗin don ta rage musu zaman cunkoso.

Mai ƙaramar mota da ke zuwa aiki daga Talaje ko Harobanda, shi kam kada a sa shi a lissafi, ba hanyarsa ba ce, ribarsa ita ce mun bar masa titi. Kuɗin zai fito ne daga tirela, tankokin mai da ke tasowa daga Damagaram, da bas-bas masu wucewa. Kafin a zuba ko tifa ɗaya ta tsakuwa, a zaunar da mutane a Sorey da hanyar Tillaberi da ta Torodi su ƙirga motoci nawa ne masu wucewa, nawa ne masu sauke kaya a Katako da babbar kasuwa, don waɗannan na biyun ko an yi zagaye cikin gari za su shiga.