Tambayi Likita: Sigarin Lantarki da Neman Nutsuwar Karatu

Tambaya: Likita, ni ɗalibi ne a jami'a, shekarata 21. Abokina ne ya ba ni sigarin lantarki lokacin jarrabawa, na ga idan na zuƙa karatu yana shiga. Ban taɓa shan taba ba. Akwai illa?

Amsa: Ɗana, abin da ka ji ba ƙarya ba ne. Nikotin, sinadarin da ke cikin taba da kuma ruwan sigarin lantarki, kan isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙa 10 zuwa 20 da zuƙa, ya sa ta saki sinadarin dofamin mai sa jin daɗi, barci ya gudu, hankali ya ɗan tattaru. Sai dai abin ba ya daɗewa, domin cikin kamar awa 2 rabinsa ya bar jini.

Inda gizo ke saƙar shi ne maimaitawa. Ƙwaƙwalwa takan ƙara yawan wuraren da ke karɓar nikotin, har ta kai ba ta zama daidai sai da shi. Daga nan da zarar ya ragu a jini sai ka ji kasala, saurin fushi, ka karanta layi ɗaya sau uku ba ka gane ba. Ka zuƙa, ka ji ka dawo hayyacinka, ka ce ai shi ne ya taimake ka. Alhali nutsuwar da kake da ita kyauta tun asali ce ya karɓe, yanzu yake sayar maka. Dubi yadda mashaya taba kan wuni a ranakun farko na azumi, za ka fahimta.

Ga kuma shekarunka. Ƙwaƙwalwa ba ta gama ginuwa sai wajen shekara 25, ɓangaren da ke kula da mayar da hankali da kame kai kuwa yana cikin na ƙarshe. Sannan nikotin yana ɓata barci, kuma a barci ne abin da aka karanta yake zama a ka. Tunda ba ka yi nisa ba, mayar wa abokin naka da kayansa.

Tambaya: An ce tururin ruwa ne kawai mai ƙamshin mangwaro, ba kamar taba ba. Haka ne?

Amsa: Malam, ba ruwa ba ne. Haɗi ne na gilisarin, wani sinadari mai kauri, da wasu sinadarai da kayan ƙamshi, waya mai zafi ke dafa shi. An samu sinadarin fomaldehaid mai guba da ɓurɓushin ƙarafa irin su dalma a hayaƙin wasu nau'o'in. Gaskiya ne gubarsa ba ta kai ta tabar da ake ƙonawa ba, shi ya sa a Ingila ake ba da shi a matsayin hanyar barin taba ga manyan da suka riga suka kamu. Wanda bai taɓa sha ba kuwa, ba abin da zai samu sai sabon kamu. Birtaniya ɗin ma ta haramta irin wanda ake zuƙa a yar tun Yunin 2025, Indiya kuwa ta hana shi gaba ɗaya a 2019.

Abin da ya fi damuna shi ne ruwan da ba a san mahaɗinsa ba. A Amurka, daga 2019 zuwa Fabrairun 2020, an kwantar da mutum sama da 2,800 da ciwon huhu, 68 suka rasu. Akasarinsu ruwa mai haɗin wiwi suka zuƙa, wanda aka gauraya da wani mai na bitamin E.

Tambaya: Maigidana yana aikin kwamfuta da dare yana zuƙa a ɗaki. Ina da juna biyu, ga yaro ɗan shekara 2.

Amsa: Hajiya, a lallaɓa shi ya riƙa fita waje. Nikotin yana ratsa mahaifa ya kai ga jariri. Kwalbar ruwan kuma a kulle ta, domin ƙamshin alewa gare ta, kuma kaɗan ya isa ya yi wa yaro mummunar illa. In ya sha, kada a ba shi manja ko a tilasta masa amai, a garzaya asibiti da kwalbar.

Tambaya: Na gwada bari, sai kaina ya toshe na kasa aiki. Yaya zan yi?

Amsa: Wannan toshewar ta ɗan lokaci ce. Takan tsananta a kwana 2 zuwa 3 na farko, ta yi sauƙi cikin mako 2 zuwa 4. Saboda haka zaɓi lokacin da aiki ya lafa, ba makon da ake jiranka da rahoto ba. Sha'awar takan taso ta wuce cikin 'yan mintoci, sai ka tashi ka zagaya, ka sha ruwa. Rage kofi da shayi mai ƙarfi da yamma don barci ya samu. Akwai cingam da filastar nikotin da ake rage ƙarfinsu sannu a hankali, ka tuntuɓi likita kafin ka fara, musamman in kana da hawan jini ko ciwon zuciya. Idan kuwa tun ƙuruciya kake fama da rashin tattara hankali, kafin ka san sigarin, faɗa wa likitan a bincika wannan daban.