Haibrid ko mai lantarki zalla: wacce ta dace da direban tasi a Kumasi?

Tambaya:

Assalamu alaikum, Injiniya. Ni direban tasi ne a Aboabo, nan Kumasi. Kuɗin fetur ya fi ƙarfina, abin da na tara a yini yawancinsa a gidan mai yake ƙarewa. Ƙanena da ke Amurka ya ce zai taimaka mini da mota, in riƙa biyansa a hankali. Shi yana son ya aiko da mai lantarki zalla, wai can ita ake yayi, ba fetur ba baƙin mai. Abokan aikina a tasha sun ce in karɓi haibrid, wasu kuma sun ce duk biyun wahala ce, don fitocin Magazin, wato makanikan babbar unguwar gareji ta Suame, ba su san kansu ba. Gidan haya nake, mu da yawa ne a kan mita ɗaya. Wacce zan ce ya aiko?

Amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya saka wa ƙanenka da alheri, ya sa motar ta zama ta arziki. Ka ce masa ya aiko da haibrid. Ba wai mai lantarki zalla tana da aibu ba ne. A wajen ƙira babu motar da ta kai ta sauƙin sha'ani, kuma ina da yaƙinin za ta cika titunanmu nan gaba. Abin da ka faɗa a ƙarshe ne ya yanke magana: gidan haya, mita ɗaya.

Bari mu fara da abin da ya bambanta su. Injin fetur ƙona mai yake yi, kuma daga cikin ƙarfin da ke cikin kowace lita, abin da ke isa ga taya bai fi kashi ɗaya cikin uku ba. Sauran zafi ne da ke fita ta lagireto da salansa. Mai lantarki zalla ba ta da inji kwata-kwata, sai babban batir shimfiɗe a ƙarƙashin kujeru da na'urar juya taya da ke aiki da wuta, wadda ba ta ɓarnatar da komai sai ɗan kaɗan. Ba fulogi, ba kuloci, ba juyen baƙin mai, ba salansa. Haibrid kuwa ta haɗa biyun: ƙaramin injin fetur da ƙaramin batir. Ba a jona ta da soket, ita take cajin kanta. Kamfanin Toyota ya fito da haibrid ɗinsa mai suna Prius a Japan tun 1997, don haka ba sabuwar fasaha ba ce da za a ce a kanka za a gwada ta.

Dabarar da ta sa haibrid ta dace da aikinka tana wajen birki. A motarka ta yanzu, duk lokacin da ka taka birki, gudun da ka sayi mai ka samu ya tafi a banza, ya zama zafi a jikin ƙarfe. A haibrid, da ka ɗaga ƙafa daga totur, na'urar da ke juya taya sai ta koma janareta, ta mai da gudun nan wuta, ta zuba a batir. In ka tsaya, inji ya mutu da kansa. In za ka tashi, batir ne ke jan motar. Ka tuna yadda kake shafe rabin awa daga shataletalen Suame zuwa Kejetia da yamma, ko cunkoson Anloga Junction, inji na ta kuka mota ba ta motsi. A irin wannan wuri ne haibrid ke nuna kanta. A doguwar hanya, kamar Kumasi zuwa Akra, bambancinta da ƙaramar motar fetur ba shi da yawa haka.

Ga lissafi a ƙiyasce. Mu ɗauka kana yin kilomita 150 a yini. Ƙaramar motar fetur a cikin gari takan sha lita 8 zuwa 9 a kowane kilomita 100, wato wajen lita 13 a yini. Prius mai lafiya takan tsaya a wajen lita 5, wato lita 7 zuwa 8 a yini. Mai lantarki zalla takan ci yunit 15 zuwa 18 a kilomita 100, irin yunit ɗin da kake saya a mitar ECG, kamfanin wutar lantarki, wato wajen yunit 25 a yini. Ka ɗauki farashin lita na yau da farashin yunit na yau ka buga, za ka ga a takarda mai lantarki ce ta yi nasara. Ƙanenka bai yi kuskure ba a nan.

To amma yunit 25 a yini ya haura yunit 700 a wata. A gidan da ake raba kuɗin wuta bisa yawan ƙwai da fanka da firijin kowane ɗaki, wa zai yarda da hakan? Kuɗin wutar gida kuma mataki-mataki ake cajinsa, da amfani ya yi yawa sai farashin yunit ya hau, ya hau wa kowa da ke kan mitar. Ba ka so ka sayi mota ka sayar da zaman lafiya da maƙwabta. Sannan akwai maganar lokaci. Cajar da ake jonawa a soket na gida tana jan abin da bai wuce kilowat 2.3 ba, don haka yunit 25 zai ɗauki awa 11 ko fiye. In ka dawo ƙarfe tara na dare kana son fita bayan Asuba, ba ta cika ba. In aka ɗauke wuta cikin dare, ranar ba aiki. Kuma awa goma sha ɗaya ana jan wuta mai nauyi ta tsohuwar waya ba wasa ba ne: soket ɗin yakan yi ɗumi, ya fara warin roba, bakinsa ya yi baƙi. Gidajenmu da dama a zango ba su da wayar ƙasa mai kyau, wato wayar kariya da ke kai wutar da ta tsere cikin ƙasa, cajar kirki ma ƙin aiki take yi in ba ta same ta ba. Wanda ke da gidansa da mitarsa yakan sa caja ta bango mai kilowat 7 da wayarta daban, cikin awa huɗu ta gama. Kai ba ka kai nan ba tukuna.

Wani zai ce ai akwai wuraren caji na kuɗi. Akwai, amma yawancinsu a Akra suke, kuma bakin caja ba iri ɗaya ba ne a duniya. Motocin Japan na da suna da nasu mai suna CHAdeMO, na Sin GB/T, na Turai CCS2, na Amurka kuma CCS1 ko irin na Tesla. Motar da ta fito daga Amurka tana iya zuwa gaban caja a nan bakinsu bai haɗu ba. Wayar cajin da ake ba da ita da motar a can ma, da yawa don wuta mai bolt 120 aka yi su, tamu kuwa 230 ce. In ba a duba rubutun jikinta ba aka jona, ƙonewa za ta yi.

Yanzu ga babbar magana, wadda ta shafi motocin biyu. Wanda ya sayi tsohuwar mota mai lantarki, batir ya saya, sauran jikin kyauta ce aka ba shi. Batir kuwa kamar huhun goro yake: zafi ne ke lalata shi, kuma daga waje ba ka gane abin da ya same shi a ciki. Mai lantarki mafi araha da ƙanenka zai ci karo da ita a kasuwar tsofaffin motoci, mai yiwuwa Nissan Leaf ce ta farko-farko, wadda ta fito a 2010 da batir mai ɗaukar yunit 24. Batirinta ba shi da ruwan sanyaya, iska kawai yake dogara da ita, kuma tun a jihar Arizona mai zafi masu ita suka fara kukan yana saurin rauni. A allon gabanta akwai layuka 12 da ke nuna lafiyar batir. In sun koma takwas, motar ba za ta kai ka yini ba. Sababbin motoci sun magance wannan sosai: ruwa ke zagaya batir yana sanyaya shi, kuma kamfanonin Sin irin su BYD suna amfani da nau'in da ake kira LFP, mai juriyar zafi da yawan caji. Sai dai waɗannan ba su ne ake samu da kuɗin direban tasi ba a yanzu. Kamfanoni sukan ba da garantin shekara 8 ko kilomita 160,000 a kan batir, kuma motar da za ta zo maka ko dai ta cinye wannan wa'adi, ko kuma garantin ba zai biyo ta Gana ba.

Ina roƙonka da babbar murya, ka gaya wa ƙanenka ya guji motar gwanjo da ruwa ya taɓa shanyewa, komai kyanta a hoto. Araha ba ta ado. Bayan guguwar Ian a Florida a 2022, motocin lantarki da ruwan gishiri ya shiga batirinsu sun riƙa kamawa da wuta, wasu bayan kwanaki. Wadda aka buga ta ƙasa ma haka, tunda nan batir yake kwance. Kai ma in mota ta zo, ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi kwatoci suka cika suka malalo kan titi, ka haƙura da kuɗin wannan fasinja.

To in haibrid ɗin ta iso, ga inda ake yawan kashe ta a ƙasar nan. A Prius ta 2004 zuwa 2015, batirin yana bayan kujerar baya, ƙulli 28 ne a jere, wato ƙananan batura, kowanne bolt 7.2, jimilla kusan bolt 202. A gefen kujerar akwai 'yar taga mai raga, ta nan wata ƙaramar fanka ke zuƙo iska ta hura wa batir. Fasinja ya ɗora jaka a kai, ko mai ɗinkin rigar kujera ya rufe ta da leda, ko ƙurar hunturu ta toshe ta. In ka ga fankar da aka ciro daga tasi bayan hunturu, fukafukanta sun yi kauri da jar ƙura da gashi da zare, da ƙyar take juyawa. Batir ya yi ta dahuwa a ɓoye, sai wata rana alamar gargaɗi mai kusurwa uku ta kama a allo, kwamfuta ta nuna lambar P0A80, wato batir ya gaji. Wankin fankar nan bai kai aikin awa ɗaya ba. Ka sa a yi maka shi a ƙarshen kowane hunturu, kuma kada ka bari komai ya rufe tagar. In an ce maka za a canza ƙulli ɗaya ko biyu da suka mutu, zai tashe ta, amma na ɗan lokaci ne, don sauran ma tsararrakinsu ne.

Na biyu, na'urar sanyaya mota. Kwamfuresarta da wutar babban batir take aiki, kuma mai na musamman take sha wanda wuta ba ta bi ta cikinsa. In mai gyaran esi ya zuba mata man da ya saba zubawa a sauran motoci, zai iya jawo maka asara mai yawa. Na uku, duk wayar da ka ga launin ruwan lemo ce, kada ka taɓa, kada ka bar yaron gareji ya taɓa. Mai aikin sai ya sa safar hannu ta roba da aka yi don wuta mai ƙarfi, ya zare makullin batir, ya jira wajen minti goma kafin ya sa hannu. Wutar da ke ciki tana kisa.

Game da abin da abokanka suka ce a kan fitocin Magazin, ban yarda da su gaba ɗaya ba. Mutanen da ke sassaƙa ƙarfe su ƙera abin da babu shi a kasuwa ba za su gagara koyon wannan ba, kuma akwai matasa a Suame da suka riƙe kwamfutar gwaji da kyau. Injin haibrid, ƙafafunta, birkinta, duk aikin da suka saba ne. Abin da za ka kiyaye shi ne wanda zai fara kwance-kwance kafin ya jona kwamfuta. Ka nemi naka mai gyaran tun motar tana kan ruwa, ka tambaye shi haibrid nawa ya taɓa buɗe batirinsu, ka ce ya nuna maka safar hannunsa. Kayan gyaran Toyota kuma sun fi sauƙin samu, a Magazin ko a kasuwar Abossey Okai da ke Akra.

Ba na so ka fahimci cewa na rufe ƙofar mai lantarki. Farashin batir ya faɗo daga sama da dala 1,000 a kowane yunit a 2010 zuwa wajen dala 115 a 2024. Habasha ta hana shigo da ƙananan motocin fetur da dizal a 2024. Gana ma ta ƙaddamar da manufarta ta motocin lantarki a ƙarshen 2023, kuma a kasafin kuɗin 2024 an sanar da yafe harajin shigowa na shekara 8 ga motocin lantarki na jigilar jama'a. Ranar da ka samu mitarka kai kaɗai da wurin kwanan mota a cikin gida, ka dawo mu sake lissafi, amsata za ta iya canzawa.

Kafin ƙanenka ya biya ko sisi, ya turo maka lambar shasi mai harufa da lambobi 17, ka kai wa wakilin fiton kaya a tashar jiragen ruwa ta Tema ya ciro maka kuɗin kwastan a rubuce, domin motar da ta haura shekara 10 tara ake ɗora mata. Ya binciki tarihin motar da lambar nan, ya tabbatar ba ta ruwa ba ce. Sannan ya kai ta wurin mai gyara a can a jona kwamfuta a auna ƙarfin ƙullin batir, ya ɗauki hoton sakamakon ya turo maka, ka nuna wa mai gyaranka na nan kafin a loda ta a jirgi.