Harsashi na yawan ƙare min a Doom Eternal, ina matsalar take?

Tambaya: Na gama wasan bidiyo na Doom na 2016 ba tare da shan wahala ba, amma Doom Eternal ya gagare ni. Da an fara faɗa sai harsashi ya ƙare, dodanni su yi min rubdugu. Haka wasan yake, ko ni ne ban iya ba?

Amsa: Ɗan'uwa, haka aka tsara shi, kuma da gangan. Da kamfanin id Software ya fitar da shi ranar 20 ga Maris 2020, ya rage yawan harsashin da mutum zai iya ɗauka, don ya hana ka rungumar bindiga guda tun daga farko har ƙarshe, kamar yadda mutane da yawa suka yi da bindiga mai baki biyu a na 2016.

A wannan wasan, duk abin da kake buƙata a jikin dodannin yake. Ka ga ƙananan nan masu tafiyar hawainiya, waɗanda ba sa ƙarewa a fage? Ba don su kashe ka aka zuba su ba, guzurinka ne. Harsashi ya yi ƙasa, ka sa wa ɗaya zarto mai inji, nan take albarusai su watsu a ƙasa. Kada ka yi ta tattalin man zarton, ma'auni ɗaya yana cika da kansa, kuma shi ya isa yanka ƙaramin dodo. Jini, wato ma'aunin ranka a wasan, ya ragu, ka harbi dodo har ya fara tangaɗi yana walƙiya, ka ƙarasa shi da hannu, jini ya dawo. Sulke kuwa, ka fesa musu wuta da na'urar da ke kafaɗarka kafin ka harbe su. 

Sai maganar tsayuwa. Wanda ya tsaya wuri guda ya mutu. Kana da tsalle biyu a jere da zabura biyu, ga ƙugiyar da aka ɗaura wa bindiga mai baki biyu, wadda ke fizgar ka zuwa kan dodo. Ka riƙa kewaya fagen, kada ka ja da baya har bango ya tare ka.

Manyan dodanni kowanne da lagonsa. Arachnotron, ka harbe bindigar da ke bayansa. Cacodemon, ka cilla masa gurneti a baki, ya haɗiye, ya rikice. Mai ba kowa haushi shi ne Marauder, mai gatari da garkuwa: ka matso ya narka maka harbi, ka yi nisa ya jefo maka kaifin gatarinsa, ka harbi garkuwar ya turo maka kyarkeci. Ka tsaya tsaka-tsaki, ka jira idanunsa su haska kore, sannan ka sakar masa mai baki biyu. A ganina ya ɗan karya saurin wasan, amma da ka gane shi ba ya ɗaukar lokaci.

In har yanzu da wuya, ka sauko da matakin wahala zuwa mafi sauƙi, har yatsunka su saba da maɓallan zarto da wuta. Sai dai ka kula da wanda ke zaune kusa da kai: akwai zubar da jini da fille gaɓoɓi ƙuru-ƙuru, shi ya sa hukumar tantance wasanni ta Turai ta sa masa alamar shekara 18.