Za a iya kashe injinan TSMC daga nesa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko da gaske za a iya kashe injinan ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta daga nesa idan Sin ta mamaye Taiwan. A Mayun 2024 kafar labarai ta Bloomberg ta ruwaito cewa kamfanin ASML na ƙasar Holan zai iya tsayar da injinan EUV (masu amfani da wani haske na musamman wajen ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta) da ya sayar wa TSMC, babban kamfanin ƙera ƙwaƙwalwar kwamfuta na Taiwan. ASML kaɗai ke ƙera waɗannan injinan a duniya, kuma sai da kulawarsa da sabunta manhaja suke ci gaba da aiki.

Kada ka ɗauka tarwatsa su za a yi, tsayarwa ce kawai. Ni damuwata tsadar waya da za ta biyo baya, tunda wayoyi ma da irin wannan ƙwaƙwalwar suke aiki. In hannun jarin waɗannan kamfanonin kake son saya, fara tuntuɓar masanin harkar.